Malam Isufu Ya Ce Da Sauƙi

Shekara ashirin da shida ke nan ina aikin tafinta a New York, kuma har yau in na faɗi sana'ata a gaban yaranmu na nan sai in ga suna kallon juna. Wai ina wahalar take? Mutum ya yi Hausa ka mayar Turanci, Bature ya yi Turanci ka mayar Hausa, ka sa hannu a takarda ka tafi gida. Wasu har waya suke ɗaga mini, wai ita ma tana yi, kuma ba ta neman kuɗin jirgi. Masu faɗin haka su ne waɗanda za ka ce musu ina kwana su amsa maka da Turanci. To bari in ba ku labarin aiki ɗaya daga cikin waɗanda na yi, in kun ji sai ku nuna mini wayar da za ta iya.

Ni aikina ba na kotun ɓarayi ba ne. Yawancinsa a ofisoshin gwamnati yake, inda ake zuwa in rayuwa ta juya wa mutum baya. Ƙofa uku ce: ta wanda aka sallama daga aiki, ta wanda tsufa ya cim masa, da ta wanda ciwo ya hana shi neman abinci, wadda mutanenmu ke kira disabiliti. A ƙasar nan duk mai aiki a kan takarda ana yankar wani abu daga albashinsa saboda irin wannan rana. Mutanenmu sun san da yankan sarai, don duk ranar biya sai sun tsine masa. Abin da ba su taɓa yarda da shi ba shi ne wai akwai ranar da za a mayar.

Kayan aikina duk a jaka ɗaya suke. Ƙaramin littafi na rubuta lambobi da sunayen magani, wanda nake yage shafinsa a gaban mai shi in mun gama, don abin da na ji a ɗaki a ɗakin yake zama. Biro biyu, ɗaya nawa, ɗaya na aro, kuma na aron bai taɓa dawowa ba. Gorar ruwa, dabino saboda layi, da takalmi mai taushi, don wanda ya zo wannan aiki da takalmin gayu kwana uku zai yi ya tuba. Su ma masu zuwa suna da nasu kayan aikin, wato leda. Wasiƙar gwamnati in ta shiga gidan Bahaushe ba buɗe ta ake yi ba, girmama ta ake yi. A sa ta a leda, a sa ledar a ƙarƙashin katifa ko a saman firij, sai ta yi ƙanne goma sannan a kwaso su gaba ɗaya a kawo mini. Na sha buɗe wasiƙar da ke cewa a zo ranar kaza ba fashi, in duba in ga ranar ta wuce da wata huɗu.

Wanda ya koya mini aikin Baba Tanko ne, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi, gajere mai kaifin ido. Lokacin ina tuƙin tasi bayan karatun da na zo yi ya ƙi ni. Na ɗauke shi wata rana, ya ji ina rigima da wani ɗan sanda da Turanci ina kuma zaginsa da Hausa a ƙasa-ƙasa, sai ya ce bakin nan asararsa ake yi a mota. Wata shida ina binsa ofis-ofis ina zama a bayansa, ba ni da izinin cewa uffan. Dokokinsa uku ne. Ta farko, ba ka ƙarawa ba ka ragewa, ko tari mutum ya yi da ma'ana ka faɗa. Ta biyu, ba ka cewa ya ce ko ta ce, bakin mutumin kake, in ya ce ni kai ma ka ce ni. Ta wannan hanya ni Habibu, da gemuna, na yi ciki ya fi a ƙirga, na yi takaba, an cire mini mahaifa sau biyu. Ta uku kuwa, a cikin ɗaki kai bututu ne, ruwa ya bi ta cikinka ya wuce, sai an fito baranda kake komawa mutum.

Aikina na farko da bakina, wata tsohuwa ce ta zo neman kuɗin tsufa. Ma'aikacin ya tambaye ta ranar haihuwa, ta ce ita dai an ce shekarar da fara ta cinye gero aka haife ta, bayan sallar layya. Ni da son nuna gwaninta sai na yi lissafi a kaina na yanko wata shekara na miƙa wa Bature. Baba Tanko ya taka mini ƙafa da dunduniya har sai da na ji a kaina. Dole na janye, na faɗi maganar fara da gero kamar yadda ta faɗa. Ma'aikacin bai ko ɗaga kai ba, ya buɗe fasfo ɗinta ya ga ɗaya ga Janairu, ya ce da ma ya zata. Ashe ya riga ni sanin cewa rabin mutanenmu na Bronx rana ɗaya aka haife su.

Yanzu in zo kan Malam Isufu. Mutumin Damagaram ne, dogo, baƙi, mai faɗin kafaɗa, ga tsafta kamar ango. Shekara ashirin da biyu yana sauke katan-katan na kayan lambu a wata babbar kasuwar sari, tun kafin gari ya waye. Iyalinsa suna can gida Zinder, shi kuma yana wani ɗaki a hawa na huɗu a Morris Heights, a gidan da lif ɗinsa ke aiki ranar da ya ga dama. Da yake ni Bakano ne shi Badamagare, tsakaninmu ba gaisuwar kirki sai tsiya. Bai taɓa kiran sunana ba, Bakano kawai, ni kuma in ce masa baƙauye. A masallacinmu na Juma'a a Mount Hope wurinsa sananne ne, sahun farko, daidai bayan liman. Ko baƙo ne ya zauna a wurin, sai Malam Isufu ya tsaya a kansa yana murmushi har mutum ya gane da kansa ya matsa.

Shekarar korona ita ce shekarar da ban taɓa ganin irinta ba a wannan aiki. Ofisoshi suka rufe, aiki kuma ya ninka. Masu tasi, masu kitso, masu wankin mota, masu dafa abinci, kowa ya zauna a gida, kowa yana neman kuɗin rashin aiki, kuma duk ta waya. Na mayar da kicin ɗina ofis, na ɗaura abin sauraro a kunne tun safe. Akwai wani kiɗa da suke sa wa mutum yana jira a layi, har yau in na ji mai kama da shi a kanti sai in bar kantin. Cikin wannan shekara Baba Tanko ya rasu, mutum shida ne kawai aka bari muka raka shi.

Gidajen abinci da suka rufe, kasuwarsu Malam Isufu ta rage mutane, aka sallame shi. Na ce ya zo mu cike fom. Ya ce fom na me, shi da bai yi aiki ba za a biya shi kuɗin zama? Sai da ya tambayi malamai uku ko halal ne, na ukun ma don na biyun Bakano ne bai yarda da shi ba. Da ya amince kuma sai sabuwar rigima. Duk mako na'ura ce ke tambaya ta waya ko kana shirye ka koma aiki, in e ka danna ɗaya, in a'a ka danna biyu. Malam Isufu ya ce amsarsa in Allah ya yarda. Na ce babu wannan lambar. Ya ce to wanda ya ƙera na'urar bai san duniya ba. A ƙarshe muka shirya, shi zai faɗi in Allah ya yarda da baki, yatsansa kuma ya danna ɗaya. Ranar da kasuwa ta kira shi kuwa ko sallama bai yi wa na'urar ba, ya koma. Ya tarar rabin abokan aikinsa ba su dawo ba, ya riƙa ɗaukar kayan mutum biyu, har ranar da ya sunkuya kan wani buhun albasa ya kasa miƙewa.

An yi masa aiki a baya, aka sa ƙarfe. Likitan da ya yi aikin ya faɗa a gabana, da bakina kuma na mayar masa, cewa in ya koma ɗaukar kaya ƙarshensa keken guragu. Ba shi da wata sana'a, ba ya karatun boko na Turanci, shekarunsa kuma ba su kai na kuɗin tsufa ba. Abin da ya rage masa disabiliti ne kaɗai. In an ba shi ya zauna ya yi jinya, in an hana shi ya koma kan buhu. Wannan karon ma sai da aka sha fama kafin ya sa hannu, don a wurinsa abin ya yi kama da bara, shi kuma a gidansu ba a taɓa yi ba.

A irin wannan nema gwamnati kan tura mutum wurin nata likitan ya duba. Ni aka turo tafinta. Na isa na tarar da Malam Isufu cikin shadda ruwan toka ta sha guga, hula a karye, turare na tashi, ka ce ɗaurin aure za shi. Na ce ina sandarka? Ya ce ya ba mai gadi ajiya, ba zai shiga gaban babban mutum yana dogarawa kamar tsohon banza ba. Ban gama buɗe baki ba aka kira mu.

Likitan na shigowa Malam Isufu ya miƙe zumbur don girmamawa. Ni da ke gefensa na ji numfashinsa ya ɗauke, amma fuskarsa murmushi kawai. Likita ya ce yaya yake ji yau, ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Na mayar. Ya ce bayan fa? Ya ce da sauƙi. Na mayar. Ya ce daga ɗaya zuwa goma, nawa zai ba ciwon? Malam Isufu ya yi ɗan tunani ya ce ɗaya, sannan ya waiwayo ya ce mini in ce biyu, kada lokotoro, wato likita, ya ji kamar an ɓata masa lokaci. Wannan ma na mayar duka, har da dalilin. Tafiya fa, nisan me yake iya yi? Ya ce har inda ake bukata. Ana cikin haka biron likita ya faɗi ƙasa. Kafin in motsa, mutumin nan mai ƙarfe a gadon baya ya sunkuya ya ɗauko, ya miƙa da hannu biyu. Likita ya yi godiya ya rubuta wani abu mai tsawo. Ina zaune ina kallo, da bakina na gama kashe masa magana, kuma ko kalma ɗaya ban yi kuskure ba.

Muna fitowa baranda ya zube a kan benci, zufa ta jiƙa shaddar, ya fi rabin awa bai iya tashi ba. Na karɓo sandar wurin mai gadi, sannan na koma mutum, na sauke masa duk abin da ke cikina. Na ce an kawo ka ka nuna ciwo ka zo kana nuna tarbiyya. Ya bari na gama tukuna.

"Mutum ya gaishe ka, sai ka kwance masa kayan ciwo? Haka kuke yi a Kano?"

"Ba gaisuwa ba ce, baƙauye, tambaya ce. Rubutawa yake yi."

"Bon, na ji. Allah ya ba ni lafiya shekara kusan sittin ban biya ko dala ba. Don ya taɓa ni 'yan watanni sai in kai ƙararsa wurin Nasara?"

Ni ma dai haka aka rene ni. Mahaifiyata tana kan gadon da ba ta tashi ba, duk wanda ya ce ya jiki sai ta ce da sauƙi.

An hana shi, kamar yadda kowa zai zata. Wasiƙar ta yi makonni a leda a saman firij, saura kwana kaɗan lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce na je da kaina na zazzage ledar. Muka sami wata lauya a wani ofishin taimakon marasa ƙarfi, yarinya ce ƙarama amma ta san aikinta. Ta ce takardun asibiti suna da kyau, sai dai rahoton likitan gwamnati ya ce mutumin nan yana tashi da sauri, yana sunkuyawa, kuma da bakinsa ya ce ciwon biyu ne. Yanzu sai gaban alƙali, kuma alƙali daga bakinsa zai so ji. Sau uku tana zaunar da shi suna gwaji. Duk lokacin da ta ce ya bayan, sai ya ce da sauƙi, ya kuma tambaye ta lafiyar iyayenta. A na ukun ta ajiye biro ta ce mini in ya faɗi wannan kalma a gaban alƙali an gama. Ni kuma na riga na ji a gari cewa ya fara aika wa shugaban ma'aikatan kasuwa saƙo ko akwai gurbi.

Tun bayan aikin da aka yi masa ya daina zuwa masallacinmu. Da aka tambaye shi ya ce huɗubar limaminmu ta cika tsawo, ya sauya wuri. Wata Juma'a aiki ya kai ni Staten Island, lokaci ya kama ni a can, na shiga wani ƙaramin masallaci a Tompkinsville inda ban san kowa ba. Ina cire takalmi na gan shi. Can baya, kusa da inda ake zuba takalma, a kan kujerar ƙarfe mai naɗewa. Mutumin sahun farko ne ya hau jirgin ƙasa daga Bronx, ya hau jirgin ruwa, ya ƙara da bas, da wannan bayan, don kawai ya yi salla a zaune inda ba wanda ya san shi. Muka haɗa ido, ya juyar da kai bango. Ana sallamewa na waiga babu shi. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Ranar zaman alƙali sanyi ake yi mai shiga ƙashi. Ni aka sake turowa, don masu Hausa a wannan aiki ba mu da yawa. Muna baranda, Malam Isufu ya shiga ban ɗaki, na matsa kusa da lauyar na ce mata kada ta ɓata lokaci a kan baya, ta tambaye shi yadda yake salla. Ta ce ba ta saba shiga addinin mutane ba. Na ce yau ta shiga. Ko Baba Tanko zai yarda cewa wannan yana cikin hakkin baranda, ban sani ba, na dai san a baranda nake lokacin da na faɗa.

Ɗakin ƙarami ne, ba irin kotun da kuke gani a talabijin ba. Tebur, na'urar ɗaukar magana, da alƙaliya, wata dattijuwa mai tabarau a rataye da sarƙa. Na gaya mata tun farko cewa na san mutumin a unguwa, ta tambayi kowa ko akwai mai ƙorafi, babu, aka rantsar da ni aka rantsar da shi. Wannan karon lauya ta hana shi rabuwa da sanda, sai ya tura ta ƙarƙashin tebur da ƙafa. Alƙaliya ta yi 'yan tambayoyi a kan aikinsa, sannan ta ce yaya bayan yake yanzu. Ya ce da sauƙi. Na mayar. Lauya ta rufe ido.

Da aka ba ta dama sai ta ce ya bayyana wa alƙaliya yadda Musulmi ke salla, don ba kowa ya sani ba. Nan fa Malam Isufu ya samu abin da yake so. Ya gyara zama ya fara tun daga alwala, wanke hannu, fuska, ƙafa, ya zo tsayuwa, ya zo ruku'u, ya bayyana sujada gaɓa-gaɓa, goshi da hanci da tafuka da gwiwoyi da yatsun ƙafa. Ina mayarwa ina haɗa gumi, don ya ɗauko hanyar musuluntar da alƙaliya. Ita kuwa ta saurara da kyau, har tana gyaɗa kai. Da ya kai aya lauya ta ce na gode, sannan ta ce, kai haka kake yi?

Malam Isufu ya dubi tebur. Sannan ya juyo ya dube ni.

"Bakano, kai ne."

Doka doka ce. Na dubi alƙaliya na ce da Turanci, mutumin Kano, kai ne. Ta sauke tabarau ta ce wane ne mutumin Kano? Na ce tafinta ne, ranki ya daɗe, da ni yake. Ta ce to a gaya masa tambayar tana nan tana jira.

Mutum zai iya cewa da sauƙi a kan jikinsa har ya mutu, don a wurinsa godiya ce ba ƙarya ba. Amma Malam Isufu ya rantse, kuma a kan salla aka tambaye shi. Ya ajiye hannuwansa biyu a kan tebur ya ce a'a, shi ba haka yake yi ba. Ya ce a kujera yake yi. Ya ce ba ya iya ɗaga ƙafa ya wanke, sai dai ya tsaya a baho ya kwarara mata ruwa da buta daga sama. Ya ce ba ya iya zama har a gama huɗuba, ba ya kuma iya tsayuwa har a gama, sai ya riƙa tashi yana zama kamar mai jiran haihuwa. Ya ce da yana zuwa wani masallaci mai nisa, amma tun shigowar sanyi hanyar ta fi ƙarfinsa, Juma'a tara ke nan a ɗaki yake yin azahar shi kaɗai. Lauya ta ce sanyin ne ya hana shi? Ya ce ba ya iya sunkuyawa ya sa safa, kuma ba shi da wanda zai sa masa. Alƙaliya ta ɗan leƙa ƙarƙashin tebur. Ni ma sai lokacin na duba. Shadda ta sha guga, ƙafa kuma tsirara cikin silifa, duk ta yi fari ta tsattsage.

Duk wannan ina faɗa ina cewa ni, ni, ni, kamar yadda aka koya mini. Sai lauya ta yi tambayar ƙarshe, yaushe rabonsa da sujada irin wadda ya bayyana.

"Wata goma sha huɗu goshina bai taɓa ƙasa ba."

Na buɗe baki na faɗi rabi, na kasa ƙarasa sauran. Ni da na yi takaba na yi naƙuda a ofisoshin garin nan ban taɓa ko gyaran murya ba, ranar sai da na ɗauki gora na sha ruwa, na nemi afuwa, na sake daga farko. Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta kama ni, don ni na jawo aka tone shi a gaban mata biyu baƙi. Alƙaliya ta jira ni, ta rubuta, ta ce za a aiko da hukunci a wasiƙa.

A baranda na miƙa masa hannu ya dafa, ya ƙi. Ya jawo sandarsa ya wuce, ko baƙar magana bai yi mini ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Wata biyu in na kira shi ba ya ɗauka. In mun haɗu a kantin nama ya amsa sallama daidai yadda shari'a ta wajabta, bai ƙara ko harafi ba. Na sa a raina cewa na yi asarar abokin tsiya, kuma ban ma sani ba ko abin ya yi amfani.

Wata safiyar Laraba aka buga mini ƙofa. Na buɗe na gan shi da leda a hannu, wasiƙa ɗaya tak a ciki, ba a buɗe ba. Ya ce in karanta, tunda ni ne bakinsa har da abin da bai aike ni ba. Na yage a tsaye a bakin ƙofa. An ba shi. Na karanta masa da Hausa layi-layi, har inda alƙaliya ta rubuta cewa ta gamsu mutumin nan rage ciwonsa yake yi, ba ƙarawa ba. Ya ce sadaka ce ko? Na ce wace sadaka, ka manta abin da ake yanka a albashinka duk mako kana tsinewa? Shi ne wannan. Ya ce ashe adashi ne. Na ce kusan haka. Ya ce to sun makara da kwasarsa, da a Damagaram ne da tuni an sauya uwar adashi. Ya karɓi wasiƙar ya mayar leda, ya ƙi shayi, ya tafi.

Ku da kuke ɗaga mini waya, ita ma da sauƙi za ta ji ta mayar da sauƙi, ni ma abin da na yi ke nan, a nan ba ta fi ni ba ban fi ta ba. Sai dai ba ta zuwa Juma'a Tompkinsville, kuma ba ta da baranda.

Juma'ar da ta biyo, ina tsaye a ƙofar masallacinmu na Mount Hope sai ga shi yana tahowa a hankali, sanda a fili, kowa na gani. Wani ya sa masa safa, ban tambayi wane ne ba. Mutane suka yi ta gaishe shi. Da ya iso gabana bakina ya riga ni, na ce ya jiki. Ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa.

"Yau kam akwai ciwo, Bakano."

Na ce Allah ya sawwaƙe. Na shiga ɗakin ajiya na ɗauko kujera mai naɗewa, na ratsa sahu-sahu da ita a ka, na buɗe ta a ƙarshen sahun farko kusa da bango, inda ba za a kalle shi da yawa ba. Ya iso ya dubi kujerar, ya dubi bayan liman, inda wani ɗalibi sabon zuwa ya shimfiɗa dadduma ya zauna abinsa. Ya nuna wurin da sanda.

"Matsar da ita. Nan ba wurina ba ne."

Na ɗauki kujerar, shi kuma ya je ya tsaya a kan ɗalibin yana murmushi.